Tramol a bakin rijiya: abin da ya sami Amurka da abin da ke tunkarar Azagor

Kermit wani ɗan ƙauye ne a jihar Bajiniya ta Yamma, a ƙasar Amurka, cikin duwatsun da ake haƙar kwal. Mutanensa ba su fi 400 ba. Cikin shekara biyu kacal, manyan kamfanonin rarraba magunguna suka aika wa kantin magani guda ɗaya na ƙauyen ƙwayoyin kashe ciwo kusan miliyan 9. Wani ɗan jarida mai suna Eric Eyre ne ya tono wannan lissafi a 2016, ya kuma nuna cewa daga 2007 zuwa 2012 ƙwaya miliyan 780 ce ta kwarara cikin jihar, wadda al'ummarta ba su kai miliyan 2 ba. Kayan nan ba ta ɓarauniyar hanya suka shigo ba. Da takarda da rasit da sa hannun likita suka iso, rana tsaka.

Mutumin Azagor zai iya cewa ina ruwansa da ƙauyen Turawa. Ruwansa shi ne, ƙwayar da ta cinye Kermit da wadda ake ɓallewa daga kati a sayar ɗaya ɗaya a kasuwannin Dakoro dangi ɗaya ne, kuma irin mutanen da ta fara kamawa can su ne irin waɗanda take kamawa nan: masu cin abinci da ƙarfin jikinsu. Amurka ta riga mu shiga wannan masifa, ta gwada kusan kowace dabara, wasu suka yi amfani, wasu suka ƙara dagula lamarin. Tun da an riga an biya kuɗin karatun da rayukan mutane, asara ce mu ƙi karantawa.

Azagor tana arewa da Dakoro, a bakin kwarin Tarka, yankin da dokar 1961 ta ja iyaka tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo. Buzaye da Fulani da Hausawa ne ke zaune a cikinta, rayuwa kuwa tana rataye da dabba da gero da rijiya. Duk wanda ya tsaya a bakin rijiyar makiyaya cikin bazara ya san abin da ake nufi da aiki. Tun kafin gari ya waye ake zura wasaki. Yaro ya kora raƙumi ko jakuna, igiya ta yi ta miƙewa har sai ya yi nisa kafin wasakin ya leƙo baki. Mai tsaye a bakin rijiya ya rungumo shi, ruwa na zuba a ƙirjinsa, ya kinkima ya juye a komi, shanu na turereniya, ya sake mayarwa. Haka za a yi ta yi har rana ta take, wani lokaci har dare, domin garke na jiran garke, kuma rijiyar ba ta mutum ɗaya ba ce. Tafin hannu ya tsage, kwankwaso ya riƙe, kafaɗa ta yi tsami. Gobe ma sai an dawo, don saniya ba ta san hutun Juma'a ba. In damina ta faɗi kuma, sai noman fari da maimai su karɓi jikin da rijiya ta bari. In kaka ta wuce, samari su tafi bida, wasu Najeriya, wasu Agadas da Libiya, wasu ramukan zinariya na Jado da Cibarakaten, inda ake wuni ana sarar dutse a ƙarƙashin ƙasa.

A nan tramol ya sami gurbi. Wanda ya fara sha ba ya cewa zai yi maye. Cewa yake zai sha maganin gajiya, ko maganin ƙarfi. Ɗan kabu-kabu yana so ya kai dare yana ɗaukar fasinja, ɗan ƙwadago yana so ya gama kadadar da aka yanka masa kafin la'asar, mai kora dabbobi zuwa kasuwa yana so ƙafarsa ta daina yi masa magana. Wannan ne ya sa wa'azin da ke kiran masu sha ƴan iska kawai ba ya ratsa su, domin da yawansu sun san ba iskanci ya kai su ba. Gaskiya ne akwai masu sha don nishaɗi a fada, akwai masu sha don a ce suna da zuciya, akwai masu sha don sha'anin aure. Amma ƙofar da ta fi faɗi ita ce ta aiki da ciwo.

Maganin kansa ba sabo ba ne. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya fito da shi kasuwa a 1977. Yana cikin dangin magungunan da ke aiki irin na mofin, wato suna toshe saƙon ciwo a ƙwaƙwalwa, sai dai shi yana da ƙari: yana taɓa sinadaran da ke sa mutum ya ji nishaɗi da kuzari. Shi ya sa mai sha ba ya lanƙwamewa nan take kamar mai shan kodin, yakan ma ji kamar an ƙara masa jini. A asibiti ana ba da mai miligiram 50 ko 100, kuma likita ba ya yarda babba ya wuce 400 a yini. Wanda ke yawo a kasuwanninmu kuwa mai 120 ne, da mai 200, da mai 225, har da mai 250. Ƙwaya biyu daga cikin manyan sun riga sun haura iyakar yini ɗaya. Ba don marar lafiya aka ƙera irin waɗannan ba, don kasuwarmu aka ƙera su.

Jiki kuma yana sabawa. Wanda rabin ƙwaya ta ishe shi bara, bana sai biyu, baɗi sai huɗu. Ranar da bai samu ba, sai hamma da hawaye da zufa, ƙashi ya riƙa sara, ciki ya ɓaci, barci ya ƙaura, ransa ya yi baƙi har ba ya son a yi masa magana. A wannan mataki ya daina sha don ya yi aiki, ya koma yin aiki don ya sha. Ga kuma jijjiga. Tramol mai yawa yana kayar da mutum kamar mai farfaɗiya: ya sandare, ido ya juye, haƙora su datse, kumfa ta fito. A gida akan ce iskoki ne, a nemo hayaƙi da rubutu. In abin ya same shi a kan tabarma, da sauƙi. In ya same shi a kan babur da fasinja a baya, ko a bakin rijiya da wasaki a hannu, sai dai a yi salati.

Har dabbobi ba su tsira ba, kuma yadda duniya ta gano haka abin mamaki ne. A 2013 wasu masu bincike a Faransa suka sanar cewa sun sami tramol a cikin saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru, aka yi ta murna cewa ashe itace ma yana yin maganin da kansa. Shekara ɗaya bayan haka, ayarin Michael Spiteller na jami'ar Dortmund a Jamus ya sake bin sawun lamarin, ya tarar manoman yankin suna sha, suna kuma ɗura wa shanun huɗa don kada su gaji. Fitsari da kashin mutane da na dabbobi ne suka jiƙa ƙasa har saiwa ta tsotsa, har ya shiga ruwa. Makiyayi da mai amalanke su yi tunani a kan wannan. Dabbar da aka kashe mata jin ciwo ba ƙarfi aka ƙara mata ba, an hana ta nuna cewa ta gaji ne, kuma ita ce dukiyar gidan.

Yawancin kayan daga Indiya suke tasowa, su sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano da Lome, su hau mota su yi arewa. Wasu su tsaya a Kano da Katsina da Maraɗi, wasu su zarce Agadas su nufi Libiya. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce abin da ake kamawa a Afirka kudu da Sahara ya tashi daga kilo 300 a 2013 zuwa sama da tan 3 a 2017. A watan Satumba na 2017 an kama ƙwaya fiye da miliyan 3 a Nijar cikin kwalaye masu ɗauke da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya na bogi. Wanda ya iya buga tambari ya cika mota ba ɗan tebur ba ne. Kuma abin ya daɗe a cikinmu: tun 2012 likitan ƙwaƙwalwa Djibo Douma Maiga da abokan aikinsa suka wallafa bincike a kan yadda yara da samarin titi ke shan tramol a Yamai. A Najeriya, ƙididdigar 2018 ta nuna mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara ɗaya, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tramol da kodin suka sha ba bisa ƙa'ida ba.

To, mu koma Amurka mu ga yadda tata ta faro. A 1996 kamfanin Purdue Pharma, mallakar iyalin Sackler, ya fito da wani magani mai suna OxyContin. Wakilansa suka bazu ofisoshin likitoci suna cewa wannan ba ya kama mutum sai nadiran, tun da a hankali yake narkewa a ciki. Suka riƙa jingina da wata ƴar gajeriyar wasiƙa da aka buga a mujallar likitoci a 1980, wadda ma a kan majinyatan da ke kwance a asibiti take magana. Suka fi mayar da hankali ga yankunan masu aikin ƙarfi, mahaƙa kwal da masu saran katako da masu kamun kifi, inda ciwon baya da na gwiwa suka zama ruwan dare. Likitoci suka saki hannu. A 2012 an rubuta takardar irin waɗannan magunguna sau miliyan 255 a ƙasar, wato kusan 81 ga kowane mutum 100. Mutum ya je da targaɗe ko ciwon haƙori, ya dawo da kwalbar da za ta raba shi da aikinsa da iyalinsa.

Da gawa ta yi yawa, hukuma ta farka. Aka rufe asibitocin bogi masu rubuta magani don kuɗi, aka tsaurara wa likitoci, a 2010 kuma aka sauya ƙirar OxyContin yadda ba ya dakuwa. Kowa ya ɗauka an gama. Amma miliyoyin mutane sun riga sun kamu, kuma ba a tanadar musu magani ba. Jikin da ya saba ba ya jin sanarwar gwamnati. Sai suka koma titi suna sayen hodar heroin, wadda ta fi arha. Daga 2013 kuma fentanil ya shigo, wanda ake haɗawa a ɓoye, ƙarfinsa ya ninka na heroin kusan sau 50, miligiram 2 kawai na iya kashe babban mutum. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. A 1999 waɗanda ƙwaya ta kashe a Amurka ba su kai 17,000 ba. A 2022 sun kusa 108,000, akasarinsu fentanil ne ajalinsu.

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin mun fara bin sawun nan ƙafa da ƙafa. A ƙarshen Afirilun 2018 BBC ta fitar da fim ɗin da ya nuna yadda ake sayar da ruwan kodin a bayan fage da yadda ya lalata samari da ƴan mata a Kano. Kwana ɗaya bayan haka gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A wannan shekarar ce Indiya ta saka tramol cikin jerin magungunan da ake tsarewa, fitar da shi ya yi wuya, kuɗinsa ya hau. Masu sha ba su ragu da sanarwa ba, ƴan kasuwa kuma ba su rasa dabara ba. Sai ga wasu sababbin katuna masu lamba 225 a jiki, da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal. A Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya bi su har masana'antar Aveo da ke kusa da Mumbai, ya nuna cewa gauraye ne na tapentadol, wanda ya fi tramol ƙarfi, da carisoprodol, mai saki jijiya, wanda Turai ta hana saboda yadda yake kama mutum. Babu ƙasar da ta yarda a ba marar lafiya wannan haɗi. Yana danne numfashi, yana kawo jijjiga, yana kashewa. Indiya ta hana haɗa shi da fitar da shi cikin ƴan kwanaki, amma bayan an shekara da shekaru ana loda shi zuwa Ghana da Najeriya da Kwaddibuwa. Saurayin da ya miƙa kuɗinsa ya ce a ba shi tramol, bai san abin da aka ɓallo masa ba.

Gaba da wannan ma akwai. A Saliyo, shugaba Julius Maada Bio ya kafa dokar ta-ɓaci a Afirilun 2024 saboda wani abin zuƙa da ake kira kush, kuma gwaji ya nuna a cikinsa akwai sinadaran nitazin, waɗanda wasunsu suka kai fentanil ƙarfi ko suka fi. Abin da ya hallaka Amurkawa ya riga ya sauka Afirka ta Yamma. Hanyar da ta kawo tramol har kasuwar ƙauye ba za ta gagara kawo wannan ba.

Ba cewa nake a bar kaya su yi ta shigowa ba. Jami'an duwan da jandarmomi da hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin ƙwayoyi suna kamawa, kuma kowane kwali da aka ƙona rai ne aka tsirar. Tambayar ita ce wa doka take kamawa. Amurka ta yi shekara hamsin tana wannan gardama. A 1971 shugaba Nixon ya ayyana ƙwaya a matsayin babbar abokiyar gabar ƙasa. A 1986 aka yi dokar da ta sa hukuncin giram 1 na hodar iblis ta talakawa, wadda baƙaƙen fata suka fi sha, ya yi daidai da na giram 100 na wadda masu hali ke shaƙa. Gidajen kaso suka cika da samarin unguwannin talakawa, sai a 2010 aka rage bambancin zuwa 18 da 1. Duk da wannan ɗauri, ƙwaya ba ta yi tsada ba, ba ta kuma yi wuyar samu ba. Su kuwa manya, Purdue ta amsa laifin yaudara a 2007, ita da shugabanninta uku suka biya tarar da ta haura dala miliyan 600, ba wanda ya kwana a kaso, aka ci gaba da ciniki. Ta sake amsa laifi a 2020. Iyalin Sackler suka nemi su biya kuɗi a rufe musu ƙofar ƙara har abada, Kotun Ƙoli ta ƙi a watan Yunin 2024, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. A 2025 aka sake ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 7.4. Har yau ba ɗan gidan da aka gurfanar da laifin da zai kai shi kurkuku.

Duk da haka akwai abin koyi a shari'ar tasu. Jihohi da ƙananan hukumomi, har da ƙabilun Indiyawan daji, sun haɗa kai sun maka kamfanoni a kotu. Manyan masu rarrabawa uku da kamfanin Johnson & Johnson suka yarda su biya dala biliyan 26, aka kuma sharɗanta cewa mafi yawan kuɗin magani da rigakafi za a yi da su. Mu a nan, Nijar tana da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1999, amma wanda aka fi gani a hannu shi ne yaron da aka samu da kati biyu a aljihu, ko mai tallar magani da ke yawo da tire a ka, paracetamol da maganin tsutsa a sama, na ɓoye a ƙasa. A kai yaron kaso, ya yi watanni cikin masu laifin gaske, ya fito ba sana'a, ba mutunci, jikinsa kuma yana nan yana nema. Wanda ya yi odar kwantena yana gida. Hukuncin da ya tsaya kan na ƙasa zalunci ne, kuma ba ya rage ko kwali ɗaya.

Sakin linzami ma ba mafita ba ne, Amurka ta gwada. Jihar Oregon ta kaɗa ƙuri'a a 2020 cewa riƙe ƙwaya kaɗan ya daina zama laifin ɗauri, da niyyar a tura masu sha wurin magani. Wuraren maganin ba su kammalu da wuri ba, fentanil ya mamaye tituna, jama'a suka gaji, a 2024 majalisar jihar ta dawo da hukunci. Ɗauri ba magani bai yi ba, saki ba magani ma bai yi ba.

Abin da ya fara sauko da adadin gawa shi ne lokacin da Amurkawa suka ɗauki kamuwa da ƙwaya a matsayin cuta mai magani. Aka sauƙaƙa wa likitoci ba da buprenorphine da methadone, waɗanda ke kwantar da ƙishirwar jiki har mutum ya koma aikinsa. A Maris na 2023 aka yarda a sayar da naloxone, mai farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, ba tare da takardar likita ba, aka raba shi ga iyaye da malaman makaranta da ƴan sanda. A 2024 mace-macen suka faɗo zuwa wajen 80,000. Masana suna ta muhawara a kan dalilan, kuma ba dalili ɗaya ba ne, amma ba mai musun cewa magani ya taka rawa.

Mu kuwa ina uba zai kai ɗansa? Daga Azagor, in ya wuce majo na gidan likita sai asibitin gundumar Dakoro, sai Maraɗi, sai sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, tafiyar da ta fi ƙarfin aljihun mai akuya goma. Da yawa sai su ɗaure yaro a ɗaki, ko su haura iyaka su kai shi gidan mari. Mun ga abin da ke cikin wasu daga cikin gidajen nan a 2019, lokacin da ƴan sanda suka buɗe wani a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, aka kuma buɗe wasu a Daura da Katsina. Ban ga laifin iyayen ba, ƙauna ce da rashin mafita suka kai su. Amma sarƙa ba ta cire ƙwaya daga jini. Mai shan tramol da yawa in aka yanke masa kwatsam yakan shiga mawuyacin hali, shi ya sa a hankali ake rage masa, ƙarƙashin idon ma'aikacin lafiya. Wannan aiki ne da majo zai iya koya, ba sai an gina katafaren asibiti ba. In kuma mutum ya faɗi yana jijjiga, a janye shi daga wuta da ruwa da titi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa madara ko ruwa, a garzaya da shi likita, a kuma faɗa wa majo gaskiyar abin da ya sha. Ɓoyewa don kunya tana iya zama ajalinsa.

Akwai wani mutum da ake mantawa da shi a duk wannan magana, shi ne marar lafiya na gaske. Yaro mai amosanin jini da ke birgima yana kiran ƙashinsa, tsohuwa mai ciwon daji, wanda raƙumi ya kayar ya karye a cinya, matar da aka yi wa aiki aka ciro ɗa. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun fiye da kashi 1 cikin 100 na mofin da dangoginsa da ake rabawa a duniya. A ƙasashenmu tramol ne kusan kaɗai maganin ciwo mai ƙarfi da talaka ke iya kaiwa gare shi, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyi bayan saka shi cikin jerin da ake tsarewa a duniya baki ɗaya ba. Amurka ma ta yi wannan kuskure: bayan ƙa'idojin rubuta irin waɗannan magunguna da aka fitar a 2016, likitoci da yawa suka tsorata suka yanke wa majinyata magani kwatsam, wasu suka koma titi, wasu suka kashe kansu, har aka sake gyara ƙa'idojin a 2022. Don haka mai miligiram 50 ya zauna a farmasi da gidan likita, da takarda da lissafi. Mai 225 kuwa ba shi da wani majinyaci da yake jira, a bi shi har inda ya fito.

Sauran aikin na cikin gida ne, kuma Azagor tana da abin da manyan birane suka rasa: kowa ya san kowa. An san mai sayarwa, an san mai kawo masa ranar kasuwa, an san mai gonar da ke jefa wa ƴan ƙwadago ƙwaya a shayi don su gama masa da wuri. Wannan na ƙarshe ya kamata liman ya ambace shi a huɗuba kafin ya ambaci yaron da ke sha, domin ya sayi lafiyar ɗan wani da kuɗin da bai kai na goro ba. Malamai sun yi bayanin haramcin abin da ke gusar da hankali, saura su amsa wa mai cewa shi ba maye yake ba, aiki yake, su nuna masa cewa jiki amana ne, neman magani kuma ba abin kunya ba ne. Duk rijiyar da aka sa wa famfo mai aiki da hasken rana, an rage wa samari dalilin sha, kuma ya dace hukumomi da ƙungiyoyi su lissafa wannan cikin amfaninta.

Kirana ga hukumomin kumin na Azagor, da sarakunan Buzaye da ardo-ardo da masu gari, da shugabannin lafiya na gundumar Dakoro, shi ne su zauna tun kafin lokacin tafiya bida. A horar da ma'aikatan gidajen likita yadda ake rage wa mai sha a hankali, a ware ranar da saurayi zai zo a duba shi ba tare da tsoron za a miƙa shi ga jandarma ba, a kai sunayen masu kawo kaya da yawa inda ya dace. Kai kuma uba, in ka ga ɗanka ya rame, ba ya cin tuwo, ba ya barci, yana yawan fushi da susa, kada ka fara da sanda ko kora. Ka zaunar da shi ka tambaye shi nawa yake sha a yini, sannan ka kama hannunsa ku tafi likita tare.